Kwaɗon da Na Sa wa Kapon Motata

Ba zan taɓa mantawa da tsayuwar da muka yi a dajin Bader Gula ba, ko da yake yanzu na kai shekarun da nake neman hulata alhali tana kaina. Ɗaurin auren ɗan ƙanena za mu je ranar. Amma kafin in kai ku can, sai na faɗi irin mutumin da nake a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa dattijo mai furfura ya tsaya yana zufa a kan igiyar roba guda ɗaya ba.

Ni direba ne. Aji huɗu na yi a lakwal na gudu na shiga tasha, kuma daga nan ban sake fita ba. Shekara arba'in da wani abu ina jigila tsakanin Dakoro da kasuwannin ƙauye, Ajekoriya, Bader Gula, wani lokaci har Tagris in an sami kaya. Awaki, buhunan hatsi, mutane a saman buhunan. Duk tsawon wannan lokaci mota iri ɗaya na tuƙa, 'yar Faransa, bashe, wato mai buɗaɗɗen bayan nan da ake lulluɓa wa tamfol. Ubangidan da ya koya mani tuƙi ita yake ja. Da na sami hali ita na saya, da ta mutu na sake irinta. Ban taɓa zama na yi tunanin dalili ba. Haka na taso na gani, haka na riƙe, kamar yadda mutum ke riƙe garinsu.

A bakin tasha muna da fada, inda tsofaffin direbobi ke zaman shan shayi in ba layinsu ba ne. Fadar nan kashi biyu ce, 'yan Faransa da 'yan Japan. Da farko mu ne masu yawa. Sai kat-kat ɗin Japan, motocin nan masu ja da taya huɗu, suka fara cika gari, mutanena suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu mutuwa ta ɗauke su, wasu kuma da ƙafarsu suka je suka sayo. Aka wayi gari saura ni kaɗai. Maimakon in yi laushi, sai na ƙara tauri.

Babban abokin gardamata Illa ne. Tare muka yi samartaka, kuma ni na koya mashi sauraren moter, wato inji, yadda direba zai ji kukan mota daga nesa ya san abin da ke damunta. (Ku riƙe wannan, zai dawo.) Shi ya laƙaba mani suna Bafaranshe, ni da ban taɓa wuce Yamai ba, kuma Faransancina bai wuce na gaida jandarma ba.

"Bafaranshe," zai ce, "jiya an ce an ga fasinjanka suna tura ka a tudun Ajekoriya. Su suka biya ka ko kai ka biya su?"

Ni kuma in ce, "Taku gwangwani ce. Tawa in ta yi pan ta tsaya a hanya, da waya da guduma nake tada ta. Taku sai an kwana ana kiran Maradi."

Wata rana gardama ta yi zafi har na miƙe tsaye na bar wasiyya a gaban mutane. Na ce ko gawata kada a kuskura a sa a motar Japan, in bashe ba ta tashi ba a nemo amalanken jaki. Aka yi dariya, aka tafa mani. Na koma gida ina jin kamar na ci yaƙi.

Ana cikin haka ɗana na fari, Lawali, ya sayi mota. Ya daɗe yana tuƙa ta wani mai fataucin dabbobi, yana tattali, har Allah ya nufa ya sami tasa. Kat-kat ce ta Japan, tsohuwa amma da sauran ƙarfinta. A wurinmu in yaro ya sayi mota, ƙofar ubansa yake fara kai ta. Uban ne zai fara shiga, ya ɗora hannu a kan sitiyari ya yi addu'a, a zaga unguwa da shi sau ɗaya, sannan mota ta fara aiki. Lawali ya wanke ta tas, ya sayo dabino na sadaka, maƙwabta suka taru. Na fito, na zaga ta sau ɗaya, na ƙwanƙwasa ƙofarta da yatsa na ce, "Gwangwani." Sannan na ce Allah ya tsare, a fatar baki, na koma cikin gida.

Mutane suka ce kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da. Na bar su a haka domin ya yi mani daidai. Ba kunya ba ce. Abin da ke raina kawai shi ne abin da Illa zai ce a fada gobe in ya ji na shiga. Lawali ya raba dabinonsa, ya tada motarsa ya tafi.

Bayan kamar shekara guda moter ɗin bashe ya mutu, mutuwar da waya da guduma ba su tadawa. Aka ja ni har Maradi, garejin wani bakanike da na daɗe da sani, Mamman. Ya kwance, ya duba, ya goge hannu.

"Baba, kayan gyaran wanga moter yanzu ko a Kano sai an tona. Abin da kowa ke yi, a ciro shi a sa na Japan. Ga wani can, irin na motar ɗanka ne sak."

Na duba dama, na duba hagu. Babu ɗan Dakoro ko ɗaya a garejin.

Na ce, "In an rufe kapo, ana gani?"

Ya ce, "Ba a gani."

Na ce, "To sa."

Da zan taho ya ba ni igiyar fanka ta ajiya, wato robar nan da ke juya fanka da famfon ruwa, wadda in ta tsinke moter ke ɗaukar zafi ya tsaya. Ya ce hanyarku daji ce, ajiye wannan. Na naɗe ta a wani tsohon ɗankwali da nake goge gilashi da shi, na tura ƙarƙashin kujerata.

Gaskiya ɗaya ce, motar nan ta koma budurwa. Tudun rairayin da na yi shekara ashirin ina sauke fasinja su tura, sai ga ni ina haye shi da cikakken kaya ban ko sake giya sau biyu ba. Na san dalili sarai. Mutumin kirki da ya yi shiru. Ni kuwa sai na koma fada na ƙara buɗe baki. "Kun ga Faransa? Tsufanta ya fi ƙuruciyar taku."

Matsala ɗaya ce ta rage. A tasharmu kowace safiya direbobi na buɗe kapo, wato murfin moter, su duba ruwa da mai, kuma ba wanda ke duba tasa shi kaɗai. Wannan ya leƙa ta wancan, wancan ya taɓa ta wannan, ana ba juna shawarar da ba a nema ba. Sai na je wurin mai walda ya liƙa mani ƙarfe, na sayo kwaɗo na rufe kapon. Na ce ɓarayin batir sun yi yawa a gari. (A motar da ko kyauta aka ba ɓarawo batir ɗinta sai ya yi shawara.) Ruwa da mai kuwa na koma duba su a cikin gida da sassafe, ƙofa a rufe, ba kowa sai mai ɗakina tana shara.

Sau ɗaya Illa ya ce mani, "Bafaranshe, muryar motar nan ta sake."

Na ce, "Bututun hayaƙi na canza."

Ya ce, "To." Ya kurɓi shayinsa. Na ce a raina, na wuce wannan.

Shekara biyu aka yi a haka.

To, ranar ɗaurin auren. Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙarfen mota ba ya taɓuwa. An sa za a ɗaura bayan Azahar. Mota biyu muka tashi daga Dakoro. Tawa a gaba, da maza a baya da tabarmi da goro, Illa a gefena (ya ce ya zo ne ya ga inda za a fara turi). Ta Lawali a baya, da limamin unguwarmu da mata, cikinsu har da mai ɗakina da yayata Hajo, wadda ke fama da hawan jini.

Mun ci fiye da rabin hanya sai na ji ana danna odar mota a bayana. Na duba madubi, na ga tururi na tashi daga gaban motar Lawali. Muka tsaya. Ya buɗe kapo, ya zaro igiyar fanka a tsinke gida biyu. Illa ya tambaye shi ta ajiya. Ya ce satin da ya wuce ya tarar da wani direba ya lalace a hanyar Tagris, ya ba shi, bai sami zuwa Maradi ya sayo wata ba. Aka ɗaga waya sama, aka hau tudu da ita, babu rezo. Inuwa kuwa aduwa ce guda ɗaya, ita ma ganyenta ya zube.

Tun kafin ya gama zaro igiyar na san irinta ce ke ƙarƙashin kujerata. Ba zato ba, sani. Mamman ya faɗa mani da bakinsa, irin na motar ɗanka ne sak. Aikin minti goma ne. Amma in na fito da ita ta shiga, tambaya ɗaya za a yi, me igiyar Japan ke yi a motar Bafaranshe?

Sai na gyara babbar rigata na yi wa jama'a jawabi. Na ce ga abin da nake faɗi shekara da shekaru. Na ce mota ba fenti ba ce. Na ce yaran yanzu ba su jin magana. Lawali yana durƙushe gaban motarsa, hannu duk baƙin mai, bai ɗago ba. Ya yanko robar tsohuwar taya ya ɗaura, aka tada, ta yi 'yan juyi ta tsinke. Ya gwada igiyar ɗaure kaya, ita ma haka. Ruwan sha ya fara ƙarewa. Wani makiyayi ya wuce da raƙuma, ya tsaya ya gaishe mu ya ba mu abin da ya rage a salkarsa. Yaya Hajo ta kwanta a tabarma, ana yi mata fifita da murfin kwano.

Kusan awa guda muna nan. Ina ta kai da komo, kuma duk inda na je sai in ga ƙafata ta kauce wa ƙofar motata.

Daga ƙarshe na kawo shawara, kuma wannan ita ce wadda har yau in na tuna nake runtse ido. Na ce liman ya dawo motata mu wuce, kada a rasa ɗaurin aure. In mun isa sai a tura mai babur Dakoro ya nemo igiya. Na ce ai mata ba su da aiki a wurin ɗaurin aure, su ɗan jira. Kowa a wurin ya san ma'anar ɗan jiran nan, sai bayan La'asar in an yi sa'a.

Sai mai ɗakina ta tashi daga wurin Yaya Hajo, ta koma bayan motata, ta ce, "Malam, zo."

Na je. Ta yi ƙasa da murya.

"Abin nan da ke ƙarƙashin kujerarka, naɗe a tsohon ɗankwalina."

Na ce, "Ta Faransa ce, ba ta shiga."

Ta ce, "Malam, shekara biyu ina shara kana buɗe motar nan a gabana. Ban yi lakwal ba, amma zanen da ke jikin ƙarfen nan na ciki, shi ne a goshin motar yaron nan. Yayarka ce kwance can. Ko ka ɗauko, ko in ɗauko."

Ta koma ta ci gaba da fifita.

Na buɗe ƙofa na zaro ƙullin. Ban iya miƙa wa Lawali ba, Illa na miƙa wa. Kuma har a lokacin, Allah ya yafe mani, sai da na ce, "A gwada wannan. Ta Faransa ce, amma wataƙila a yi dace."

Illa ya warware ɗankwalin, ya juya igiyar a hannunsa, bai dube ni ba. Ya ba Lawali. Ta zauna daram, ko ɗaurin ƙarfe ba a ƙara ba. Aka zuba sauran ruwan makiyayin nan, aka tada, mota ta kama. Ni ma na yi sauri na tada tawa don a wuce wurin. Kuskure na ƙarshe ke nan. Motocin nan biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a daji, ba wata ƙara ko'ina, suna kuka da murya ɗaya. In ka rufe ido ba ka ce biyu ba ne.

Illa ya zo ta tagata ya miƙo hannu.

"Bafaranshe, ba ni makullin kwaɗon nan in duba maka ruwa."

Mazan da ke bayan motata kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na fara laluben aljihu kamar makullin ya ɓace. Sai na ji muryar Lawali.

"Baba Illa, don Allah a bari."

Illa ya ce, "A'a, Lawali. Alkawarin da muka yi maka yau ya ƙare. Awa guda tsohuwar nan na kwance a rana."

Sannan ya juyo gare ni, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Ranar da ka dawo daga Maradi ina bayan shago ina alwala. Na ji mota ta shigo tasha na ce Lawali ya iso. Na fito na ga kai ne. Kai ka koya mani sauraren moter, sannan ka sayo kwaɗo ka rufe mani ido? Duk fada babu wanda bai sani ba. Har mai shayi ya sani. A daren nan muka shirya yadda za mu tarbe ka da safe, sai yaron nan ya bi mu gida-gida. Ya ce Baba ya tsufa, abin da ya rage mashi ke nan, don Allah a bar mashi. Shekara biyu kana zagin motarsa a gabanmu muna shan shayi muna cewa to."

Na tuna duk safiyar da na shiga fada ina cewa kun ga Faransa, da yadda kowa ke saurin kai kofi baki. Ashe dariya ake haɗiyewa da shayin.

Na fito, na buɗe kwaɗon da hannuna, na ɗaga kapon. Ba wanda ya matso, tunda ba sabon abu a ciki. Liman kaɗai ya leƙa, don shi ba direba ba ne, ya ce, "Masha Allah, tsaf da shi."

Daga tabarma Yaya Hajo ta ɗago kai ta ce, "Ni ban san Japan ba, ban san Faransa ba. In kun gama, ku kai ni inuwa."

Na ba Illa makullin motata na ce ya ja. Na zaga na buɗe gaban motar Lawali. Illa ya ce, "Af, ina wasiyya? Ba ka ce ko gawarka ba?"

Na ce, "Liman, ana canza wasiyya?"

Ya ce, "Muddin mai ita na da rai."

Na shiga. Na ɗora hannu a kan sitiyarin, na yi addu'ar da ya kamata in yi shekara uku da suka wuce a ƙofar gidana, gaban maƙwabta da dabino. Yanzu babu dabino, sai mata a baya suna cewa amin. Lawali ya ja mota. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ranar da zai karɓi permin tuƙi. Na lura yadda yake shiga rairayi, yadda yake sake giya tun kafin tudu, duk irin nawa ne. Ban iya ba shi haƙuri da baki ba, mu ba mu saba ba. Abin da na iya cewa, bayan mun haye wani tudu, shi ne, "Tana da ja."

Ya ce, "Ai moter ɗinku ɗaya, Baba."

Na ji uwarsa ta yi tari a baya.

Mun isa a makare, amma sun jira mu, aka ɗaura auren bayan La'asar. Yaya Hajo ta sha fura ta warware, kuma kafin mu baro garin babu gidan da ba ta kai labarin ba.

Har yau ina zuwa fada, har yau Bafaranshe ake ce mani, sai dai yanzu in an faɗa kowa na dariya a fili, har da ni. Bashe tana nan, da safe a tasha nake buɗe ta kamar kowa, a leƙa a ba ni shawarar da ban nema ba. Ina nan dai a kan cewa kujerar 'yar Faransa ta fi laushi, kuma wannan Illa ya bar mani, ya ce kujerar ce kaɗai ta rage ta Faransa a motar.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na yi shekara biyu ina gadin asirina da kwaɗo, ashe wanda na kira motarsa gwangwani ne ke gadinsa. Kuma in mutum zai ɓoye wa direbobi abu, to kada ya zama abin da ke kuka. Kwaɗon yana nan a akurkin kaji, mai ɗakina ta ce a can ya fi amfani.